Alƙaluma Shida da Suka Tsere Mini

Laraba, da dare.

Da safiyar yau na zauna gaban kwamfuta zan shiga wani shafi, sai aka turo mini lambar tabbatarwa mai alƙaluma shida ta waya. Na karanta ta sau ɗaya, na kife wayar ina ta nanata ta a zuci, sai ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, ƙarfe nawa?" Na ce mata tara da kwata. Ko da na juyo zan rubuta, biyun farko ne kaɗai suka rage. Sauran huɗun sun ɓace kamar ban taɓa ganinsu ba.

Abin ya tsaya mini a rai har yamma, domin da farko na ɗora laifin a kan gajiya, alhali abin da ya same ni shi ne ainihin abin da masana ilimin halayyar ɗan Adam, Lloyd da Margaret Peterson, suka gwada a Amurka a 1959. Sukan ba mutum baƙaƙe uku, nan take su sa shi ƙirga lambobi da baya uku-uku don kada ya sami damar nanatawa, kuma bayan sakan 18 kacal wajen kashi 10 cikin ɗari ne ake iya tunawa. Ashe ƙwaƙwalwar gajeren zango, wato wadda ke ajiye abu na ɗan lokaci kaɗan, ba ta riƙe abu sai ana juya shi, kuma amsar da na bayar, da yake ita ma lamba ce, ta shiga ta ture waɗanda ta tarar.

George Miller ya ce a 1956 abubuwa bakwai wannan ƙwaƙwalwar take ɗauka, a ƙara biyu ko a rage biyu, amma a 2001 Nelson Cowan ya kawo hujjar cewa in an hana nanatawa da haɗa abubuwa rukuni-rukuni, wajen huɗu ne kawai. Ni dai na fi yarda da Cowan.

Abin da na fi daɗewa ina tunani a kai shi ne bayanin Alan Baddeley da abokan aikinsa na 1975, cewa mutum yana riƙe gwargwadon abin da bakinsa zai iya furtawa cikin sakan biyu ne, shi ya sa gajerun kalmomi suka fi dogaye zama. A 1980 Ellis da Hennelly sun nuna cewa masu jin harshen Welsh (na yankin Wales a Birtaniya) da Turanci sun fi riƙe lambobi da Turanci, saboda na Welsh sun fi cin lokaci a baki. Nan na tsaya na lissafa namu: ɗaya, biyu, uku, har zuwa tara, kowace gaɓa biyu ce, sifili kuwa uku. Alƙaluma shida ke nan gaɓa goma sha biyu aƙalla, kuma da Hausa nake nanata su ɗazu.

Da daddare na kira ƙanwar tawa na rama. Na ba ta baƙaƙe uku, na sa ta ƙirga daga 506 tana rage uku-uku, ina kallon agogo. Da na tsayar da ita ta kawo na farko daidai, ta musanya "T" da "D", waɗanda sautinsu ya yi kusa ko da yake siffarsu ta bambanta, na ukun kuma ta rantse ban taɓa faɗa mata shi ba.