Ƙurar da ido ba ya gani

Yau a ɗakin gwaje-gwajenmu a nan Jamus aka buɗe mana na'urar ƙirga ƙwayoyin ƙura irin wadda ake ɗora wa jirgin sama na bincike mai suna HALO, kuma har yanzu abin bai bar zuciyata ba.

Ƙurar hunturu da muka sani a gida manya ce in aka kwatanta da ƙwayoyin da wannan na'ura ke ƙirgawa, waɗanda faɗinsu bai kai nanomita 100 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), hasken leza ma ba ya kama su. To yaya ake ƙirga su? Na'urar tana zuƙo iska ta bi da ita cikin tururi mai ɗumi na butanol, wani nau'in sinadarin alkohol, sannan ta sanyaya ta. Tururin ya koma ruwa a jikin kowace ƙwaya, ta kumbura ta zama ɗigo, leza ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Wallahi dabarar ta burge ni. Ga kuma wahalar aiki a sama da kilomita 10, inda iska ba ta da kauri, sanyi kuma yakan wuce digiri 40 ƙasa da sifili.

A 2014 HALO ya tashi daga Manaus a Brazil, ya tarar ƙwayoyin sun fi yawa can sama da dajin Amazon fiye da kusa da ƙasa. Hadari ne ke ɗaga iskar da bishiyoyi ke fitarwa, ƙwayoyi su haifu a can, wasu su girma su sauko, girgije ya ƙullu a kansu.

'Yan uwa masu karatun kimiyyar sararin sama, don Allah ku leƙo wannan fanni.