Daga Olden Zuwa Nordkapp a Jirgin Ruwa

Babban ɗana da ke aiki a Ingila ne ya biya mana kuɗin tafiyar, ni da shi, a ƙarshen watan Yuni. Jirgin ya ɗaga daga Southampton da la'asar, ya ratsa Tekun Arewa ya nufi Norway. Gari guda ne a kan ruwa: ɗakunan kwana hawa-hawa, wuraren cin abinci da ba sa rufewa, har da wurin iyo a can sama. Ni dai ba su suka kawo ni ba. Rigar sanyi biyu na saka da hular ulu, na koma farfajiyar waje, can na yi yawancin zamana.

Bergen a gurguje muka taɓa ta, ana yayyafi. Muka zaga Bryggen, jerin gidajen katako masu launi a bakin tasha, waɗanda aka sake ginawa bayan gobarar 1702. A nan fataken Jamus suka yi ɗaruruwan shekaru suna kawo hatsi, suna sayen busasshen kifin arewa.

Tafiya ta fara ne a wurina ranar da muka shiga Nordfjord da sassafe. Fiyod dogon hannun teku ne da ya kutsa cikin ƙasa tsakanin duwatsu. Ƙanƙara ce ta haƙa shi, tana ja a hankali tana niƙa dutse shekaru dubbai, da ta narke teku ya biyo baya ya cike ramin. Shi ya sa jirgi mai wannan girman yake wucewa dab da bangon dutse bai taɓa ƙasa ba. Mafi tsawonsu a Norway, Sognefjord, ya haura kilomita 200, zurfinsa a wani wurin ya wuce mita 1,300.

Muka sauka a ƙauyen Olden, bas ta kai mu gindin kwarin Briksdal. Daga nan kusan kilomita 3 ne zuwa bakin ƙanƙarar Briksdal, wadda ke gangarowa daga tsauni kamar daskararren kogi, hawa ne kuma. Akwai ƙananan motoci marasa rufi masu ɗaukar dattawa.

"Baba, ku hau mota, ni in biyo ku a ƙasa."

"A'a, mu je tare. In na gaji za ka ji."

Na gode Allah da na taka da ƙafata. A hanya akwai gada a gaban wani ruwa mai faɗowa daga tsauni, feshinsa na dukan fuska har sai ka rufe ido, ƙararsa ta hana ka jin maganar na kusa da kai. Da muka wuce shi muka fara ganin alluna a gefen hanya, kowanne na nuna inda bakin ƙanƙarar yake a wani zamani da ya wuce. Ka tsaya gaban allo, ka ɗaga kai, ƙanƙarar tana can nesa, tsakaninku bishiyoyi har sun girma. Ka ƙara gaba, wani allon, har yanzu da sauran tafiya.

Ƙarshen hanyar wani ƙaramin tafki ne, ruwansa kore-kore mai kauri kamar an dama nono a ciki. Garin dutse ne da ƙanƙarar ta niƙa ya ba shi wannan launi. A samansa, tsakanin baƙaƙen duwatsu biyu, Briksdal ta rataye: fara a sama, cike da tsagu, cikin tsagun shuɗi ne mai zurfi wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Dusar ƙanƙara ce da ta yi shekaru tana danne juna har iska ta fice daga cikinta, sai ta riƙa shanye jan haske tana maido da shuɗi. Na sa hannu a tafkin, kafin in cire yatsuna sun mutu. Briksdal reshe ɗaya ce kawai ta Jostedalsbreen, shimfiɗar ƙanƙara mafi girma a doron nahiyar Turai, wadda ta rufe sama da murabba'in kilomita 400 a bayan tsaunin. A shekarun 1990 Briksdal ta yi gaba har ta rufe wannan tafkin baki ɗaya. Daga wajen 2000 ta soma ja da baya, yanzu ko ruwan ba ta taɓawa, dutsen da ta bari fari fes, ko ciyawa bai fara ba. Raina ya sosu. Abin da na saba ji a rediyo game da ɗumamar duniya, ga shi a gabana ana auna shi da taku.

Washegari a Geiranger abin ya ƙara damuna. Wuri ne da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2005, da wasu ruwaye bakwai masu gangarowa daga tsauni jere da juna, da tsofaffin gonaki a laɓe a kafaɗar tsauni inda aka ce da igiya ake ɗaure yara kada su faɗa. Mazauna ƙauyen 'yan ɗaruruwa ne, jirginmu kaɗai ya ninka su sau da yawa, hayaƙinsa kuwa ya tsaya cak tsakanin duwatsun. A 2018 majalisar Norway ta yanke cewa za a daina barin jirage masu hayaƙi su shiga irin waɗannan fiyod. Ina goyon bayanta, ko da hakan zai ƙara wa tafiyar tsada.

Da muka ƙetara Da'irar Aktik, layin da rana kan ƙi faɗuwa a arewacinsa da tsakiyar shekara, muka isa tsibiran Lofoten, wari ne ya fara tarbar mu, wari kuma da na sani. Dogayen rumfunan katako ne a bakin teku, an rataye kawunan kifi a jikinsu dami-dami. Kifin yakan gangaro daga Tekun Barents da hunturu don ya yi ƙwai, a kama shi, a shanya ba gishiri, iska mai sanyi ta busar da shi cikin kusan wata uku. Mafi kyawun gangar jikin Italiya ake kai wa, kawunan kuwa akasarinsu Najeriya suke zuwa. Okporoko ɗin da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, daga irin waɗannan rumfunan ya fito. Mai yi mana jagora da ta ji daga inda muke, sai da ta sake gaishe mu.

Daga nan dare ya ƙare. A Tromso rana ba ta faɗuwa tun daga wajen 20 ga Mayu har bayan tsakiyar Yuli.

"Baba, ku duba agogo. Sha biyun dare."

Na duba, na duba sama. Rana na nan a arewa, ja-ja, ta sauko kusa da teku, ta yi tafiya a kwance, ta sake hawa. Na yi tasbihi. Sai kuma tambayar da ke jiran kowane Musulmi a nan: yaushe magariba, yaushe asuba? Malamai sun ba da hanya biyu, ko a bi lokacin gari mafi kusa da ake rarrabe dare da rana, ko a bi na Makka. Jama'ar masallacin Alnor da ke Tromso na Makka suke bi a irin waɗannan watanni, mu ma shi muka bi, muna kasaru irin ta matafiya. Alƙibla ma sai an duba waya kafin kowace kabbara, domin jirgi na juyawa.

Tashar ƙarshe a arewa ita ce Honningsvag. Tekun nan ba ya daskarewa ko da hunturu, albarkacin ruwan ɗumi da ke gangarowa daga yankin Tekun Meziko. Bas ta bi da mu ta tudu marar bishiya ko ɗaya, barewar gida ta mutanen Sami, 'yan asalin yankin, na kiwo a gefen titi, har zuwa Nordkapp, gaɓar dutse mai tsayin mita 307 da ake ɗauka a matsayin ƙarshen Turai ta arewa. Hazo muka tarar, da iska mai ture mutum. Muka ɗauki hoto a gindin ƙwallon duniya na ƙarfe da aka kafa a wurin, muka shiga ciki muka sha shayi. Can hazon ya ɗan yaye, aka ruga waje, muka hango teku a ƙasa da wani siririn tsinin ƙasa daga yamma, Knivskjellodden, wanda ya fi inda muke tsaye kutsawa arewa da fiye da kilomita guda. Kafin ɗana ya gyara kyamara hazon ya dawo, direba kuma ya fara kiran mutanen jirginmu.