'Yan Barkwancin Ingila da Suka Zauna Min a Rai

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya jin ko "zo in kashe ka" da Turanci, amma ban taɓa ganin ya yi dariya har da hawaye ba irin ranar da ya kalli Mr. Bean a ɗakin jarrabawa. Mutumin ya shigo da alƙaluma cike da aljihu, ya jera su a kan tebur, ya ajiye agogo mai ƙararrawa, yana hura hanci don ya yi karatu. Da ya buɗe ambulan sai ya tarar tambayoyin na wani reshen lissafi ne daban da wanda ya haddace. Ya yi ta leƙen takardar na kusa da shi, ya yi dabara iri-iri, duk a banza. Sai da lokaci ya kusa cika ya gano ashe takardu biyu ne a cikin ambulan ɗin, kuma ta biyun ita ce tasa. Baba ya dafe ciki ya ce, "Kai, wannan bawan Allah ya shiga uku!" Da ya share ido kuma sai ya ce, "Amma fa ya ba ni tausayi."

Wannan magana ta Baba ita ce ta buɗe min ido a kan barkwancin Turawan Ingila, duk da sai bayan shekaru na fahimci hakan. Rowan Atkinson, wanda ya fito a Mr. Bean, injiniyan lantarki ne da ya yi karatu a Newcastle da Oxford, kuma shirin da ya zagaye duniya da shi kashi 15 ne kacal, daga ranar 1 ga Janairun 1990 zuwa 1995. Shi da kansa ya siffanta Bean da yaro ƙarami a jikin babban mutum. Ba ka buƙatar harshe kafin ka gane shi, shi ya sa ya zama ƙofar da yawancinmu muka shiga ta cikinta. Amma abin da ke bayan ƙofar ya fi Bean zurfi.

Abin da na lura da shi, bayan shekaru ina bin waɗannan shirye-shirye a rediyo da talabijin, shi ne ba kasafai suke gina wasa a kan gwarzo mai nasara ba. Jaruminsu mutum ne da yake jin ya fi ƙarfin inda rayuwa ta ajiye shi, kullum yana yunƙurin hawa sama, kullum yana zamewa, kuma sau da yawa da hannunsa yake sare reshen da ya taka. Tony Hancock ne ya shimfiɗa wannan hanya. Shirinsa, Hancock's Half Hour, ya fara a rediyon BBC a 1954, Ray Galton da Alan Simpson ke rubutawa, kafin ya koma talabijin. A wani kashi na 1961 ya je ba da gudummawar jini yana baza kafaɗa, yana jiran a yaba masa. Da aka ɗan tsaga masa yatsa don gwaji sai ya miƙe, a zatonsa an gama. Ana faɗa masa yawan jinin da za a ɗiba sai ido ya raina fata. Daga ƙarshe ya yanke kansa da wuƙar yanka burodi, aka dawo da shi asibitin aka ƙara masa jinin da shi ɗin ya bayar. Hancock na gaske ya sha fama da giya da ƙuncin rai, ya rasu a Ostareliya a 1968 yana ɗan shekara 44. Tun da na san haka, in na kalli fuskarsa sai in riƙa ganin gajiyar da ke ƙarƙashin rahar.

Magajinsa a wurina shi ne Basil Fawlty, mai otal a garin Torquay na bakin teku, wanda John Cleese ya fito a matsayinsa a Fawlty Towers. Cleese ya tsinci halin ne daga wani mai otal na gaske da suka sauka a wurinsa da abokan wasansa na Monty Python a 1970, mutumin da ya ɗauki baƙi a matsayin masu hana shi gudanar da otal ɗinsa. Basil na rusuna wa duk wanda ya ji ƙamshin sarauta a jikinsa, yana wulaƙanta talakan da zai biya shi kuɗin ɗaki, yana kuma tsoron matarsa Sybil kamar mutuwarsa. Duk kashi yakan fara ne da 'yar ƙaramar ƙarya, ya yi wata don ya rufe ta, ya ƙara wata, har ramin ya ƙure. Wurin da na fi maimaita kallo shi ne inda motarsa ta mace masa a hanya yana sauri da abincin manyan baƙi. Ya yi mata gargaɗi kamar yana magana da ɗan aike, ya ƙirga mata ɗaya zuwa uku, ya fice da gudu, can sai ga shi ya dawo da reshen bishiya yana tsula mata. Mutum mai tsawo haka, sanye da kwat, yana dukan ƙarfe da ganye. Duk wanda ya taɓa shirya wani abu da dukkan ƙarfinsa ya ga yana rushewa a kan idonsa ya san abin da ke cin zuciyar Basil a wannan minti.

Kashi 12 kawai suka yi, shida a 1975, shida a 1979, suka tsaya. Cleese da Connie Booth mata da miji ne lokacin da suka rubuta zangon farko, aurensu ya mutu kafin na biyu, amma suka zauna suka rubuta shi tare. Abu ɗaya da ba na jin daɗinsa har yau shi ne yadda Basil ke marin Manuel, yaron otal ɗan Sifen da Turancinsa bai nuna ba. Andrew Sachs da ya fito a Manuel shi kansa baƙo ne a Ingila, a Berlin aka haife shi, iyayensa suka gudo da shi daga mulkin Nazi a 1938, kuma ya zuba wa Manuel wata irin tsarkin zuciya da ke sa hannun Basil ya yi maka nauyi.

Mind Your Language, ajin koyon Turanci na Mista Brown da aka fara nunawa a 1977, na so shi ƙwarai da ina yaro. Da na sake kallonsa da girma sai na ga dariya ɗaya ce ake juya ta: ɗan Indiya da ɗan Pakistan su yi ta rigima, ɗan Italiya ya yi ta neman mata, kowa an ɗaure shi a turken ƙasarsa ba ya motsi. Ban yi mamaki ba da na ji cewa wannan dalilin ne ya sa aka dakatar da shi a 1979. Frank Spencer na Some Mothers Do 'Ave 'Em kuwa yana nan daram a raina, musamman da yake Michael Crawford da jikinsa yake yin duk faɗuwar da kake gani, har wadda ya tsere a kan takalmin taya ya ratsa titi tsakanin motoci.

Rediyo ne dai ya fi riƙe ni. Akwai wani shiri na BBC mai suna Just a Minute da aka fara a Disambar 1967, kuma dokarsa ba ta fi a faɗa cikin numfashi ɗaya ba: a ba ka batu, ka yi magana a kansa daƙiƙa 60, ba in'ina, ba maimaita kalma, ba sakin layi. In ka yi tuntuɓe, ɗaya daga cikin sauran ukun ya danna ƙararrawa ya ƙwace batun da sauran daƙiƙun da suka rage, wanda kuma usur ya tarar yana magana ya samu maki. Ian Messiter da ya ƙirƙiro shi ya samo shi ne daga wani malaminsa da ya kama shi yana mafarkin ido biyu a aji, ya ce ya maimaita abin da aka faɗa ba tare da tsayawa ba. Nicholas Parsons ya shugabanci shirin fiye da shekara 50, ya rasu a 2020 yana da shekara 96.

Daɗin shirin ba a dokar yake ba, a gardamar yake. Kenneth Williams, ɗaya daga cikin masu fafatawa a shirin, zai ja kalma ɗaya kamar ƙosai a bakin mara haƙori don ya ci lokaci, in aka katse shi ya tayar da jijiyar wuya yana cewa an zalunce shi, muryarsa na sauka daga ta basarake zuwa ta ɗan tasha cikin jimla guda. Paul Merton kuma sai ya ɗauki batu mai sauƙi ya lula da shi wata duniya. Ni da ƙanwata mun gwada wasan da Hausa wani dare. Na ba ta batun "inuwa". Ta kai daƙiƙa goma sha wani abu, sai "kuma" ta fito mata karo na biyu. Na buga cokali a jikin kofi. Ta ce, "Haba Yaya, ai 'kuma' ba kalma ba ce, numfashi ce!" Muka shafe rabin sa'a muna wannan musu, kuma a nan na gane abin da ya raya shirin tun 1967.

Yes Minister, na 1980 zuwa 1984, shi ne wanda nake ba duk wanda ya ce barkwanci wasan yara ne. Minista Jim Hacker ya zo da niyyar gyara, Babban Sakatare Sir Humphrey Appleby kuma aikinsa ya tabbatar ba abin da ya canza, yana yi masa ladabi, yana lulluɓe shi da jimloli masu tsawon igiyar rijiya waɗanda in ka tace su "a'a" ce kawai a ciki. A wani kashi an gano sabon asibiti mai ma'aikata sama da 500, babu likita, babu majinyaci ko ɗaya, ana kuma kare shi da cewa yana cikin asibitocin da suka fi tafiya daidai a ƙasar. Ba a taɓa faɗin jam'iyyar Hacker ba, da gangan. Margaret Thatcher na kan kujerar Firaminista lokacin, kuma ba ta ɓoye cewa tana son shirin ba.

Amma in aka ce in ɗauki ɗaya in bar saura, Only Fools and Horses zan ɗauka. John Sullivan ya rubuta shi, aka fara a 1981. Del Boy, wato David Jason, ɗan buga-buga ne a unguwar Peckham ta kudancin Landan, yana sayar da kayan da ba a tambayar asalinsu daga cikin akwati, yana yawo a wata 'yar mota ruwan ɗorawa mai ƙafa uku, yana jefa kalmomin Faransanci inda ba muhallinsu ba don a ce ya waye. Kullum yana faɗa wa ƙanensa Rodney cewa baɗi war haka sun zama miloniyoyi. Ga su nan dai a hawa na sama na gidan gwamnati, su da tsohon kakansu.

Akwai ranar da suka karɓi aikin wanke manyan fitilun ƙarau masu reto a gidan wani basarake. Del da Rodney suka hau tsani, suka ware mayafi a ƙarƙashin fitila ɗaya, suka ƙame suna jira. Kaka yana sama yana kwance noti. Ya buga guduma, sai ɗaya fitilar da ke can bayansu ta yanko ta tarwatse. Abin ya faru da gaske a wurin aikin mahaifin Sullivan, daga nan ya samo shi. Ga kuma abokinsu Trigger mai sharar titi, wanda aka ba lambar yabo don ya riƙe tsintsiya ɗaya shekara 20, yana alfaharin cewa sau 17 kawai aka sauya mata kai, sau 14 aka sauya ƙota.

Abin da ya ɗaga shirin sama da saura shi ne ka san dalilin Del. Uwarsu ta rasu, ubansu ya gudu, shi ya rene Rodney tun yana saurayi, ya bar abubuwa da yawa saboda shi. Duk ƙaryar da cika bakin, rufin asirin gida yake nema. A kashin ƙarshen Disambar 1996, wanda mutum sama da miliyan 24 suka kalla a Birtaniya, wani tsohon agogo da ya daɗe yashe a garejinsu ya tabbata aikin John Harrison ne, maƙerin agogon ƙarni na 18, aka yi gwanjonsa fam miliyan 6.2. Suka sume ɗaya bayan ɗaya a ɗakin gwanjon. Bayan an gama murna Del ya koma tsohon gidan shi kaɗai, ɗakin fayau, yana tsaye yana jin muryoyin waɗanda suka rasu. Da Rodney ya same shi sai ya furta cewa kewar fafutukar yake yi. An dawo da shirin a 2001 aka talauta su, amma ni a nan nake tsayawa.

Rowan Atkinson ɗin da ya ba Baba dariya ba tare da ya buɗe baki ba, shi ne kuma mai harshe kamar reza a Blackadder. Zangon ƙarshe, na 1989, a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya yake, shekarar 1917, kuma duk kashi shida Kyaftin Blackadder dabara yake nema ta kuɓuta daga umarnin janar-janar da ke zaune nesa da harsashi suna tura matasa mahallaka. A kashi na ƙarshe ya gwada haukan ƙarya, ya kifa kamfai a ka, ya cusa fensir biyu a hanci, bai yi ba. George, wanda Hugh Laurie ya fito a matsayinsa, mai zumuɗin yaƙi tun farko, ya lissafa abokansa da suka shiga soja tare ya ga shi kaɗai ya rage, ya ce tsoro yake ji. Baldrick, ƙaramin sojan da ke yi wa Blackadder hidima, ya ce yana da wata dabara, Blackadder ya ce sai dai ta jira. Ya yi musu fatan alheri, ya busa usur, suka haura bakin ramin cikin hayaƙi da ruwan harsashi. Hoton ya yi ta tafiya a hankali har suka ɓace, filin taɓon ya rikiɗe ya koma gonar jajayen furanni, ba a jin komai sai kukan tsuntsaye. Ko sunayen 'yan wasa ba a rubuta ba.