Ƙofar da na yi ta kauce wa a makaranta

A makarantar kwanan da na yi a nan Zariya, akwai wani ɗan ofis tsakanin ɗakin malamai da laburare, mai labule ruwan ƙasa da benci ɗaya a waje. Ofishin malamin ba da shawara ne. Mu ɗalibai mun riga mun yanke masa hukunci: ba mai shiga sai wanda aka kama da sigari ko ya haura katanga ya tafi kallon ƙwallo Sabon Gari. In aka gan ka kan bencin nan, kafin a kaɗa ƙararrawar cin abinci labari ya kai kowane ɗakin kwana.

Ina aji biyar Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Bayan sadakar bakwai na koma makaranta, kawuna ya raka ni har bakin ƙofa yana cewa, "Kai ne babba yanzu, kar in ji ka yi kuka." Na riƙe maganar da hannu biyu. Barci ya ƙaurace mini, sai in kwana ina ƙirga ramukan gidan sauro har a kira asalatu. Ni da ban taɓa wuce na biyar a aji ba, na koma na talatin da wani abu.

Malamin nan ya lura. Wata rana ya tare ni bayan taron safe ya ce, "Yarona, ka zo ranar Alhamis bayan la'asar, akwai shayi." Na durƙusa na ce, "To, Malam, in sha Allahu." Ban je ba, kuskurena na farko ke nan. Daga ranar ma na sauya hanya, ina zagayawa ta bayan kicin. A ganina ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Karin maganar gaskiya ce, ƙannena, amma sirri take nufi, ba ciwo ba.

Kuskure na biyu ya fi muni, don ƙarya na yi. Da jarrabawa ta matso, na shiga haɗa Nescafe da goro ina sha a kan yunwa, sannan in aika kemis a sayo mini maganin ciwon kai. Ciki ya fara ƙuna, har na yanke jiki a layin sallah. Nas ɗinmu, wata dattijuwa da muke kira Mama Sista, ta ɗora hannu a goshina, ta ja fatar idona ta duba, sannan ta ce, "Ɗana, kana barci kuwa? Me kake sha?" Na ce lafiya lau nake barci, ba na shan komai. Ta yi shiru tana kallona, ta ba ni maganin gyambon ciki, ta ce in dawo bayan kwana uku. Nan ma ban koma ba. Mu a wajenmu nas mai raba farasitamol ce kawai. Sai daga baya na gane ita ce ta san wane yaro ke da sikila, wa ke da asma, wa ke fitsarin jini, wa kuma ba ya ganin allo sai ya matse ido ana ce masa daƙiƙi. Tambayoyinta biyu sun riga sun taɓa inda ciwon yake, ni ne na rufe.

Na uku gajere ne amma ya ci mini shekara guda. Ina son karanta haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello, sai na cike fom ɗin JAMB a shagon kwamfuta da shawarar abokai, na sa Lissafi a gurbin Bayoloji. Tambayar minti biyar ce a ofishin nan mai labule.

Sai da na shiga jami'a a Samaru, rashin barcin ya dawo da ƙarfi, wani abokin ɗakina ya ja ni kusan da faɗa zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ina ta cewa ni ba mahaukaci ba ne, don a garin nan da an ambaci irin wannan sai ka ji ana tsokanar "a kai shi Barnawa", wato asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna. Likitan ya ce ciwon damuwa ne, ya haɗa ni da wata ƙwararriya da muke zama muna magana duk mako. Ba ta taɓa ce mini in bar addu'a ba. Limamin unguwarmu ma da na faɗa masa cewa ya yi in haɗa biyun. Ita ce ta gaya mini Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa. Na tuna ajinmu, na fara lissafin mu nawa ne muka kwana ido biyu kowa na zaton shi kaɗai ne. Ko dokar ƙasa ta sauya: a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 da sunanta ma dokar mahaukata ne.

Ba zan ce duk malamin shawara na kirki ba ne. Akwai wanda aka ba ofishin don kawai ba shi da darasi da yawa, akwai makarantun da babu shi sam. In ka tarar da haka, nemi malamin da ka yarda da shi, ko nas, ka ce a haɗa ka da asibiti. Kuma kana da damar tambaya tun farko, "Malam, maganar nan za ta tsaya tsakaninmu?" Wanda ya san aikinsa zai ce i, sai fa idan rayuwarka ko ta wani na cikin haɗari. In nas ta tambaye ka abin da ka sha, faɗi sunansa, ko da tiramol ne.

Bara na haɗu da Malam a kasuwar Tudun Wada yana cinikin doya, gashinsa ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana. Ya daɗe yana dubana, sannan ya yi murmushi ya ce, "Kai ne na ranar Alhamis. Har magariba na jira ka, shayin ya huce."