Malami baƙo a gindin dutsen Elgon

Mai shirin tafiya koyarwa wata ƙasa yakan cika jaka da littattafai, ya kwana bitar darasi, a zatonsa can aji za a gwada shi. Aji kuwa shi ne mai sauƙin. Lissafin da na koyar a Katsina shi na tarar a Mbale, allo allo ne, yaron da bai yi aikin gida ba fuskarsa ɗaya ce a ko'ina. Gwajin yana farawa ne bayan an tashi daga makaranta, daga la'asar zuwa kwanciya barci.

Na je Yuganda ta shirin Technical Aid Corps, wanda gwamnatin Najeriya ta kafa a 1987 zamanin Janar Babangida, ake tura malamai da likitoci da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik su yi shekara biyu. Mbale tana gabashin ƙasar, dab da iyakar Kenya. Daga Kampala za ka bi ta Jinja, ka tsallake kogin Nilu, ka yi ta tafiya cikin gonakin rake da fadamun shinkafa har dutse ya tare maka gaba. Garin ya san 'yan Arewa, domin nan ne Jami'ar Musulunci ta Yuganda take, wadda aka buɗe a 1988. Ita da ta Say a Nijar 'yan biyu ne, taron ƙasashen Musulmi na Lahore a 1974 ya haife su. Saboda haka ba ka rasa wanda za ku yi Hausa da shi ranar Juma'a. Ni dai makarantar sakandare aka kai ni, a bayan gari.

Ciki ne ya fara kai ƙara. Abincinsu matoke, wata ayaba ce da ake turarawa a ganyenta a tuƙe ta, a zuba mata miyar gyaɗa. Akwai posho, tuwon farar masara mai tauri, da wake, kuma shi ɗalibai ke ci kusan kullum. Barkono ba ya cikin lissafinsu, sai ka roƙa. Yajin da uwargida ta ƙulla mini a leda ya zama dukiya, ana ɗibarsa da bakin cokali. Kuka da daddawa kuwa sai in wani ya zo daga gida. Amma nama babu fargaba: al'adar ƙasar ce Musulmi ke yanka a mahauta, ko da yake tsiraru ne, ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba a ƙidayar 2014. Da tafiya ta yi tafiya na saba da malewa, tohon gora da Bagisu, ƙabilar yankin, ke busarwa da hayaƙi su yi miya da shi, har nakan aika a sayo mini.

Babu hunturu, babu bazara irin tamu. Ruwa sau biyu yake zuwa a shekara, tsakaninsu ma ba ya rantsuwa. Ka shanya babbar riga da hantsi, kafin azahar hadari ya gangaro daga dutse. Shaddar da ka ninke ka ajiye a akwati sai ka tarar ta yi fumfuna.

A masallaci ma sai da na sake zama ɗalibi. Alƙibla tana wajen arewa, abin da jiki ya daɗe bai yarda da shi ba. Galibinsu Shafi'awa ne, liman yana bayyana Bisimilla, da asuba a ɗaga hannu a yi alƙunutu da ƙarfi. Wani ɗan'uwanmu da ya zo bayana ya so ya mai da wannan abin muhawara. Ban ga amfanin baƙo ya zo gyara wa masu gari sallar da suka gada ba, alhali littattafan da muka karanta a zaure sun ambaci saɓanin.

A aji, abu ɗaya ne ya ɗauke ni lokaci, wato murya. Mutanen nan a hankali suke magana, yaro zai ba ka amsa daidai amma sai ka matso ka kasa kunne. Mu kuwa in muna bayani da zuciya ɗaya, su a kunnensu faɗa muke yi. Finafinan Kudu sun riga mu zuwa, duk ɗan Najeriya a wurinsu attajiri ne mai tsawa ko boka. Wata malama da muke ofis ɗaya, dattijuwa mai koyar da tarihi, ita ta ja ni gefe ta ce 'yan aji uku suna son darasina amma suna tsoron ɗaga hannu. Na rage murya, na riƙa rubuta duk sabuwar kalma a allo tunda lafazinmu ya bambanta, tambayoyi suka fara fitowa. Tsarinsu shekara bakwai ne a firamare, huɗu a ƙaramar sakandare, biyu a babba, shekarar karatu kuma tana farawa a Fabrairu ta ƙare kafin Kirsimeti. Wannan a mako guda ka haddace shi.

Wanda ba ya cikin kalandar makaranta shi ne mai wuyar. A duk shekarar da lambarta ke rabuwa biyu, daga watan Agusta, Bagisu suna bikin kaciyar samari da suke kira imbalu. Saurayi zai tsaya gaban jama'a a yi masa, ko ƙifta ido bai isa ya yi ba, kamar mai karɓar bulala a filin sharo. Kafin ranar ana zagaya dangi da kiɗan kadodi, taron ya cika titi, ɗan acaɓa ya kashe mashin ya jira. In kiɗan ya biyo ta bayan makaranta, rabin hankalin aji ya bi shi, wani lokaci har da ƙafafu. Malamin da ya sa gwaji a irin wannan mako shi ya so. Haka kuɗin makaranta: iyaye da yawa da gahawa suka dogara, sai an tsinke ta wajen ƙarshen shekara aljihu ke nauyi, don haka kujerar da ka ga babu kowa a tsakiyar zango ba lalle lalaci ba ne.

Amma darasin da ya fi tsaya mini a rai a ɗakin malamai na same shi. Akwai takarda da ke yawo kusan kowane mako. Wani ya rasa uwa, wata za ta kai miji gidansu a gabatar da shi, ɗan wani yana asibiti. Kowa ya rubuta sunansa da abin da zai bayar, mai shilin dubu biyar, mai dubu ashirin. A watannin farko takardar tana zuwa tebur na kusa da ni sai ta tsallake. Ba rowa suke zargina da ita ba, kara ce, baƙo ba a ɗora masa nauyi. Ana gaishe ni da fara'a, ana ba ni kujera mai kyau, ana zuba mini shayin madara da citta kafin kowa. Duk wannan girmamawa ce ta wanda ake jiran ya tafi.

Da mahaifin mai gadinmu ya rasu, na tambayi dattijuwar nan, "Mama, ni ba a rubuta sunana ne?" Ta dube ni ta yi dariya, ta miƙo takardar. Washegari muka hau motar haya zuwa ƙauyen, can saman dutse, hanya duk jan laka. Ba a kai mamaci maƙabarta, a gonar ayaba ta bayan gida ake binne shi. Aka yi ta jawabai, kawu ya yi, shugaban ƙauye ya yi, fasto ya yi, aka karanto sunan duk wanda ya ba da gudummawa da adadin da ya bayar. Bahaushen da aka koya wa hannun hagu kada ya san abin da dama ta bayar, wannan yana yi masa nauyi. Da aka zo kan sunana mai karantawa ya yi tuntuɓe da shi, mutane suka waiwayo suna neman mai shi. Na ɗaga hannu na ce "Mulembe", iyakar gaisuwar da na iya ke nan, tsofaffi suka amsa baki ɗaya.

Daga ranar kujera mai kyau ta ƙare. Aka fara sa ni duba ɗaliban kwana da dare kamar kowa, aka fara cin bashina, mai sayar da tumatir ta daina yi mini farashin baƙo, malamin Kimiyya ya fara gaya mini gaskiya in tambayoyin jarrabawata sun yi tsauri. Na san 'yan'uwa da suka cika shekara biyunsu tsakanin gida da aji da majalisar 'yan Najeriya, suna ƙirga dala suna kallon agogon gida da ke bayanmu da awa biyu. Ba su yi laifi ba, aikinsu sun yi, wasu ma sun fi ni tara abin komawa. Ni kam takardar nan ta ci mini abin da ya kai kuɗin buhun shinkafa a kowane zango, kuma da lokacin tafiyata ya matso na ga wata tana yawo a ɗakin malamai, tana zuwa kusa da ni ana ɓoye ta a ƙarƙashin rajista.