Hannun abayar ya kwanta bayan warwara uku

'Yan uwa, yau dai adon duwatsun da nake ɗinkawa a hannun abaya ya kwanta sumul, alhamdulillahi. Sau uku ina warware shi, har yadin nida na riyal 60 ya tashi daga aiki saboda hujin allura. Wannan asarar ta yi min ciwo ƙwarai.

Aikin ba shi da zane. Dutse ɗaya mai faɗin milimita 18 ne a tsakiya, layukan ƙananan duwatsu suka kewaye shi, sannan suka bazu duk inda hannu ya kai. Layi uku na farko lafiya lau. Daga na huɗu sai yadin ya fara tattarewa, tsakiyar ta taso kamar an kife ƙoƙo. Na ɗora laifin a kan jan zare, na sassauta, sai duwatsun suka riƙa lilo, tattarewar kuma tana nan.

Ashe cunkoso ne. Duwatsu huɗu masu lamba 11/0 (lambar girman dutse ce) tsawonsu ya kusa milimita 6. In allura ta sauka ko da rabin milimita kafin ƙarshensu, ba su da wurin kwanciya, sai su gantsare su ja yadin. Rabin milimita ba a ganinsa a ɗinki ɗaya, amma a ɗinki talatin ya zama tudu. Yanzu sai na tura duwatsun sun kwanta, na danne su da farce, sannan in soka allura a miƙe, ɗan gaba kaɗan da na ƙarshe, in dawo ta cikin biyun ƙarshe. A lanƙwasa kuwa biyu-biyu nake zurawa, ba huɗu ba. Tsakanin layi da layi ma a bar musu fili, domin ƙibar dutsen tana tsakiyarsa, kuma in ya goga na kusa da shi sai ya ture shi. In layi ya cika, a bi ramukansa duka da zare sau ɗaya, zai daidaita haƙoransa.

Nida kanta tana da nata laifin, ta yi santsi da laushi. Fazlin, wato ƙyallen da ake liƙa wa yadi don ya yi ƙarfi, ninki biyu a baya ya rage matsalar, bai kashe ta ba. Abin da ya yi aiki shi ne yin adon daban a kan kauraran yadi baƙi marar saƙa, a yanke shi a bar milimita 2 a gefe, a rufe bakin da layin duwatsu, sannan a ɗinka a hannun.

Duwatsun awo da ake samu a Balad, tsohuwar unguwar kasuwanci ta Jidda, ba girmansu ɗaya ba. A wannan aiki ban ƙi su ba, siraran suna cike lunguna da kyau. Amma masu ruwan zinarinsu kada ku sa a bakin hannu: gumin Jidda da fesa turare suna goge launin. Can duwatsun Miyuki Duracoat na Japan, waɗanda launinsu ya fi jurewa, na sa, duk da tsada.

Guraben da suka rage na cike su da duwatsu masu lamba 15/0, waɗanda suka fi 11/0 ƙanƙanta. Allura lamba 12 suke so, lamba 10 tana fasa su a wucewa ta biyu ko ta uku. Zaren kuma kada ya wuce kamu biyu, a shafa masa kakin zuma.

Hannu na biyu ba zan kwaikwayi na farko ba. Launukan kawai zan riƙe, da nauyin, don kada ɓari ɗaya ya rinjaya.