Harafi ɗaya da na tauye a wuyan hannun ƙawata

Ƙannena, musamman ku da mutane suka fara kawo wa tambaya saboda an ga kun yi karatu, ga abin da ya same ni lokacin da nake digiri na biyu a fannin shari'a a Ingila.

Ɗakina yana kallon na wata Baturiya, kicin ɗaya muke amfani da shi. Ta girme ni sosai, ta kuma fito daga wani aure da ta sha baƙar wuya a cikinsa kafin ta dawo makaranta. Wani dare ina dafa taliya, ta ce tana so a yi mata tatu a wuyan hannu, zanen nan da ake cusa tawada cikin fata da allura. Kalma biyu kawai take so, always free, wato mai 'yanci a kullum. Da Latin take so a rubuta, don kada duk wanda ya zauna kusa da ita a bas ya karanta sirrinta. Ta sha jin ina ambaton habeas corpus da mens rea da audi alteram partem, sai ta ɗauka na iya harshen.

Ban iya ba. Jimloli ne muka haddace a aji kamar karatun aku. Amma yadda ta dube ni da yarda ya sa bakina ya yi nauyi, na kasa cewa ban sani ba. Na buɗe ƙamus a waya, na ga semper, na ga liber, na rubuta mata semper liber a bayan rasit ɗin kanti. Ko minti biyar ban yi ba.

Bayan an yi zanen, ciwon ya warke, wata 'yar ajinmu daga Italiya ta kama hannun ta karanta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wa ya rubuta miki? Ai wannan namiji ne yake magana."

Latin yana bambanta namiji da mace, har ma da jinsi na uku. Namiji mai 'yanci liber ne, mace libera, na ukun liberum. Ƙamus kuwa da siffar namiji yake farawa, ita na kwasa na tafi. Ga wani ƙarin: liber yana kuma nufin littafi. Tsawon wasali ne ya raba su, kuma ba a nuna shi a rubutu, kamar yadda muke rubuta garin mutane da garin tuwo iri ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni Bahaushiya ce. Tun ina goye na san dogo da doguwa, fari da fara. Na san "kada ka ji tsoro" daban yake da "kada ku ji tsoro", kuma Latin ma haka yake yi: noli timere ga mutum ɗaya, nolite timere ga jama'a. Turanci ne yake ɓoye wannan duka, ni kuma ta ƙofarsa na shiga. Da na fara juya maganar zuwa Hausa, da na tambayi kaina wa yake magana.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Mai zanen ya ɗora ɗan tsuntsu daf da harafin ƙarshe. Gogewa da na'urar haske ta leza tana buƙatar zuwa sau da yawa, da makonni a tsakani, ga zafi ga tsada. Lalle ne yake fita da wanki, wannan tawada tana can ƙasa da fatar sama. A ƙarshe aka matsa wani ɗan ƙaramin harafin "a" tsakanin harafin "r" da fiffiken tsuntsun.

Ni Musulma ce, na kuma san hadisi ya hana wannan zane, don haka tun farko ina da dalili biyu na janye hannuna. Amma ku ma za a kawo muku irin wannan, ko don zobe, ko taken makaranta, ko rubutun riga. Idan ba ku karanci harshen ba, ku faɗa da bakinku, ku tura mutum wurin malamin da ya karance shi. A gaya masa wanda yake magana, namiji ko mace, da wanda ake yi wa, da abin da ake nufi a zuci, domin free ɗin nan kaɗai tana iya zama kyauta, wadda Latin ke ce wa gratis. Sannan a kai wa wani masani na biyu ya mayar da fassarar zuwa harshen farko ba tare da ya ga asalin ba. Sau da yawa ma akwai tsohuwar magana da ta riga ta zauna daram. Da na nema, da na samo mata dum spiro spero, muddin ina numfashi ina sa rai, wadda ba ruwanta da namiji ko mace.

Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Ranar da ta dawo daga gyaran ta shigo kicin, ta miƙo mini hannun a naɗe da leda, fatar ta yi ja ta kumbura, ta ce, "Duba mini da kyau, yanzu daidai ne?" Na ce mata mu jira 'yar Italiya ta dawo, sannan gobe mu je sashen da ake koyar da Latin a tabbatar mana.